Wanda Ya Zaɓo wa Babanku Babur

Duk shekara idan kun taru da Sallah, bayan an ci an sha an koma kan tabarma, sai ɗayanku ya tsokano babanku da maganar Dattijo, wato baƙin babur ɗin nan da yanzu yake jingine a zaure an lulluɓe shi da tsohon bargo. Shi kuma sai ya gyara zama, ya tura hula gaba, ya ce ai tun kallon farko ya san wannan ne babur ɗinsa. Ku yi ta jinjina masa, ni kuwa in ci gaba da ɓarar gyaɗata ban ce uffan ba. To yau dai zan ce. Ba don in rage masa daraja ba ne. Ya san ina wannan rubutu, ya ce in rubuta duk abin da na ga dama amma ban da maganar famfon mai. Zan saka ta.

Kun san babanku malamin asibiti ne, har yau da ya yi ritaya mutanen karkarar nan Likita suke ce masa. Allah ya ba shi hannu a jikin mutum. Jariri ɗan sati guda, wanda jijiyarsa ba ta kai kaurin zare ba, sai ya laluba sau ɗaya ya same ta. Amma hannun nan da zarar ya taɓa ƙarfe, to a fara salati. Muna sabon aure ya ce zai gyara mini fitilar ƙwai, daga ranar ba ta sake kamawa ba. Kekensa kuwa, wata Juma'a sarƙa ta zame, abin da kowa yake mayarwa da ɗan tsinke a bakin hanya, shi sai da ya kwance ƙafar baya gaba ɗaya. Da ya gama haɗawa, ga noti uku a tafin hannunsa ba su da wurin zama. Ya juya su, ya sake juya su, ya ce mini,

"Waɗannan ina jin ƙari ne masu keken suka saka."

Washegari a ka aka ɗauki keken zuwa wurin mai gyara.

Shekarar da nake son ba ku labarinta ita ce wadda aka yi masa canjin wurin aiki, daga ɗan asibitin da ke nan kusa da Makoɗa zuwa wani ƙauye can gabas da Ɗanbatta, ana ce masa Ɗinya Bakwai. A baki ba nisa. A keke kuwa, da rairayin hanyar nan, in ya fita bayan sallar asuba sai rana ta take yake isa, ya jiƙe sharkaf, ya tarar da mata sun yi layi da goyo. Sati biyu ya gwada, gwiwarsa ta kumbura. Sai ya nemi ɗaki a can, yana tafiya Litinin ya dawo Juma'a da yamma. Wata uku muka yi a haka, tun tsakiyar damina har aka fara girbi. Ba zan ce mun shiga wani bala'i ba, amma gidan ya zama wani iri. Kakarku Iya, wadda ba ta taɓa kama sunansa ba saboda shi ne ɗan farinta, ta rage cin abinci, in magariba ta doso sai ta ja tabarma bakin zaure ta ce wai iska take sha. Gona ta fara nuna rashin mai ita. Shi kansa in ya dawo sai in ga wuyan rigarsa ya yi masa yawa, don garin kwaki yake jiƙawa a can. Har ya fara zancen ko mu tattara mu koma can gaba ɗaya, Iya kuwa ta ce gawarta ce kaɗai za ta bar gidan mijinta.

Ni a lokacin ina sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, da ita na turke bijimai biyu a bayan gida. Ina ba su harawa da dusa, sun yi ƙiba har mahauta suna leƙe ta kan danga. Wata Asabar na kai masa fura, na zauna a gefen tabarma na ce,

"Malam, a sayar da bijiman nan a sayi babur. Ka riƙa kwana a gidanka."

Ya daɗe yana juya ludayi a cikin ƙwarya.

"Rakiya, shekara biyu fa kina wahala da su."

"Don irin wannan ranar na yi."

Sai ya shanye furar tas, abin da ya kwana biyu bai yi ba.

Labari ya kai kunnen Baffanku Lawan, ƙaninsa, lokacin yana sayar da yadi a Kano. Sati na zagayowa sai ga shi a kan wani jan babur irin wanda ake yayi a birni. Ko'ina an rufe shi da robobi masu sheƙi, fitilarsa a tsuke kamar idon mage. Ba a buga masa kik, ɗan madanni ne a hannu, kana taɓawa ya tashi. In wani ya dafa shi ba izini kuwa sai ya kwarma ihu. Iya ce ta fara dafa shi za ta sa albarka, ya kwarma, ta yar da sandarta ta yi cikin gida tana a'uziyya. Mun yi dariya har da hawaye. Babanku kuwa zagaya shi kawai yake yi, hannu a baya, baki ya ƙi rufuwa.

"Yaya, irin wannan za ka saya," in ji Lawan. "Likita guda, a gan ka a kan abin da ya dace da kai. Abokina ne ke kawo su, in na yi magana har gida za a kawo maka."

"Ka ce ba a taka shi da ƙafa?"

"Ɗan yatsa kawai."

"To ai wannan don ni aka ƙera shi."

Lawan ya juyo gare ni, da ma akwai wasa a tsakaninmu, ya ce,

"Matar Yaya, ke ma kin huta. Za a riƙa kai ki unguwa ana kallo."

Na ce Allah ya sa alheri. Da zai koma sai ya bar babur ɗin, ya ce Yaya ya koyi tuƙi da shi na sati biyu, shi ya bi mota.

Ni ban san komai game da babur ba. Amma na san mijina. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, in abin nan ya mutu masa a tsakiyar gonaki, inda ba bakanike ba kowa sai tsuntsaye, me zai yi? Na san abin da zai yi. Zai buɗe shi. Gidanmu kun san a bakin hanya yake, katangar madafi ce kawai ta raba ni da masu wucewa. Shekara da shekaru ina suyar gyaɗa ina jin babura ban taɓa kula ba, daga ranar na fara kasa kunne. Akwai masu wucewa da ƙara kamar za su tashi sama, bayan kwana biyu ka ji takun mai shi yana turawa yana haki. Akwai kuma wani guda da na gane ashe na daɗe da sanin muryarsa, tuf-tuf-tuf, ba gaggawa ba gargada. Na Baba Ɗan'azumi ne, dattijon da ke sarin maina yana kaiwa Ɗanbatta duk ranar kasuwa. Jarka huɗu yake ɗaura masa. Na yi ta lissafi a raina, ban tuna ranar da ya taɓa aiko mini cewa babur ya hana shi zuwa ba. Da ya zo ɗaukar mai na tsaya daga bayan ƙyauren zaure muka gaisa, na leƙa na ƙare wa abin kallo. Baƙi ne, gefen tankin fari kamar azurfa, fitila zagayayyiya kamar kwanon sha, mazauni dogo a shimfiɗe, inji a fili ba abin da ya rufe shi.

"Baba, shi wannan ba ya ciwo ne?"

"Yana yi mana, 'yata, ai ƙarfe ne. Amma ciwonsa a fili yake, mai gyara yana dubawa zai gani. Ni ban iya gyaran komai ba. Baƙin mai nake sa a canza masa a kan lokaci, shi ke nan zamanmu da shi."

Wadda take taya ni murzar tunkuza ranar matsar mai ita ce Talatu, matar Isuhu bakanike. Muna cikin murzawa, mai yana tsatsowa, na ce,

"Talatu, in tambaye ki mana. Wane irin babur ne mijinki ya fi tsana?"

"Wanda ya fi tsana ko wanda ya fi so?"

"Wanda ba ya kawo muku cefane."

Ta kwashe da dariya har ta saki muciya. Washegari da hantsi sai ga ta, ta haddace amsar, har da kwaikwayon muryar mijinta.

"Ya ce in gaya miki irin na Baba Ɗan'azumi ne. Ya ce masu shi marowata ne, sai dai su ɗaga masa hannu su wuce. Ya ce abu uku za a duba wa mutum irin Likita. Ya zama da ƙafa ake tayar da shi, don ƙafa ba ta yin sanyi kamar batir. Kayan gyaransa su zama a tabarma ake zuba su a kasuwar Ɗanbatta kamar tattasai, ba sai an aika Kano ba. Sannan duk bakaniken da ke ƙarƙashin kowace bishiya ya san cikinsa."

Ta kalli ƙasa, bakinta yana motsi.

"Akwai na huɗu, amma ya ce kada in faɗa."

"Faɗi."

"Ya ce kada Likita ya taɓa shi."

Babanku a lokacin yana can filin makaranta da jan babur, yana zagaye. Ya faɗi sau biyu, ya goge gwiwar hannu, amma murna yake kamar an yi masa kyautar gari. Na bari sai da ya dawo ya yi wanka ya ci abinci, sannan na kawo maganar. Ina faɗa ina ganin fuskarsa tana canzawa.

"Irin na Ɗan'azumi? Na masu jarka? So kike in shiga asibiti a ce ga mai sarin mai ya iso?"

"So nake ka riƙa dawowa gida kullum."

"Kuma har matar Isuhu ta san ban iya riƙe sifana ba."

"Malam, ai duk garin nan…"

Na kama bakina, amma ta riga ta fita. Ya ɗauke kai ya ce ya riga ya ba Lawan magana, ba zai mayar da ƙaninsa ƙaramin mutum a gaban abokinsa ba. Ni kuma zuciya ta ɗebe ni na ce,

"To ai bijiman nawa ne."

'Ya'yana, da ana haɗiye magana bayan ta fita, da na haɗiye wannan. Shekara goma sha biyar da aurenmu ban taɓa ce masa wani abu nawa ne ba. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Gaskiya ne," ya sa takalminsa ya tafi masallaci. Daga nan sai gaisuwa kawai. Iya ba ta tambaye ni komai ba, amma ta ji komai, don ɗakinta ba shi da nisa. Da safe na kai mata koko ta riƙe hannuna ta ce,

"Ke 'yar nan, gaskiya kika faɗa, amma kin cika mata gishiri. Je ki ba shi haƙuri a kan bijimai. Kada ki ba shi haƙuri a kan babur."

Haka na yi. Ya ce ya wuce, kuma na san ya wuce ɗin, amma ra'ayinsa yana nan.

Ranar Litinin ya ce da jan babur zai tafi aiki, ya gwada hanya. Gari ya fara haske ya fito da farar rigarsa, ina madafi ina kasa kunne. Na ji ƙyat-ƙyat. Na sake jin ƙyat-ƙyat. Sai shiru. Can sai na ji ƙarar da nake tsoro, ƙarar sifana a jikin ƙarfe. Kafin in sauke tukunya in fito, robobi suna ƙasa, biyu sun karye a kunne, wayoyi ja da kore da rawaya sun zubo waje, ga babur ya kama ihu ya ƙi yin shiru. Kaji suka watse, maƙwabta suka fito. Sai da Isuhu ya zo a guje ya cire wata waya sannan gari ya samu lafiya. Ya tsuguna ya duba, ya riƙe haɓa.

"Likita, batir ne fa kawai ya yi sanyi. Yanzu kam wannan ɗan akwatin ya ƙone, sai an aiko da shi daga Kano."

Babanku ya ɗauki tsohon kekensa ya tafi, bai isa ba sai wajen azahar. Da ya dawo ranar Juma'a jikinsa a sanyaye yake. Ya gaya mini wata mata ta zo da yarinya tun da sassafe, zazzaɓi ya kama ta har tana fizge-fizge, ta jira ta gaji ta koma. Sai da ya bi ta har rugarsu a ƙafa. Allah ya sa yarinyar tana da sauran kwana, ta tashi. Ya sha ruwa, ya ajiye moɗa. Sannan ya ce,

"Me ma Isuhu ya ce? Abu nawa ne?"

"Uku."

"Matar liman ta ce huɗu ne."

Na rufe fuska da gefen zani. Shi ma sai ya fashe da dariya, irin wadda take girgiza masa kafaɗa. Iya daga ɗakinta ta ce alhamdulillahi, da ƙarfi, don mu ji.

Ranar da aka zo tafiya da bijimai ɗaki na shige, ban iya kallo ba. Akwai mai farin goshi, wanda in ya ji takuna yake miƙewa, ina jin kukansa har suka sha kwana. Na yi ɗan hawayena na share, ba wanda ya gani. Ranar kasuwa babanku ya tafi Ɗanbatta tare da Isuhu da Baba Ɗan'azumi. Abin da ya faru a can daga bakin su ukun na ji, kuma bakinsu ya zo ɗaya. Sun tarar da wani na hannu, irin ƙirar da muke so, an wanke shi yana ƙyalli. Babanku ya karkata gare shi, wai don a rage mini wani abu in sake turke ko ɗan maraƙi. Isuhu ya sa aka tayar, ya kara kunne a jikin injin, ya girgiza kai.

"Na hannu sai mai kunnen inji. Kai Likita, in wannan yana tari ba za ka ji ba sai ya faɗi da kai. Ɗauki sabo dal, amma ƙirar da."

Suka je wurin sababbi. Isuhu ya sa shi ya hau ɗaya bayan ɗaya, ba don tuƙi ba, don ya ga ƙafafunsa. Ya ce a hanyar rairayi dole tafin ƙafa biyu su taka ƙasa sosai, ba ɗage ba. Na uku ne ya yi daidai da tsayinsa. Aka ce ya buga kik. Ya buga, ya tashi. Aka kashe, ya sake bugawa, ya tashi. Baba Ɗan'azumi ya ce a ƙara na uku don a tabbata ba sa'a ba ce. Ya tashi. Wannan shi ne kallon farkon da babanku yake ba ku labari.

La'asar sakaliya ina tankaɗe na ji tuf-tuf-tuf guda biyu sun doso, ɗaya tsoho ɗaya sabo, suna tafe a hankali kamar masu rakiyar amarya. Na saki rariya. Unguwa ta cika ƙofar gida. Iya ta fito, ta tsaya nesa kaɗan, ta miƙa sandarta ta zunguri tayar. Shiru. Ta sake zungura. Shiru.

"To, wannan yana da tarbiyya," in ji ta.

Sannan ta matsa ta dafa tankin ta yi addu'a mai tsawo, kowa yana amin. Na fito da ƙuli-ƙuli faranti guda aka raba sadaka. Ana cikin haka Isuhu ya tsuguna ya buɗe wani ɗan akwati a gefen babur ɗin, ya zaro ƙunshin sifanu da suka zo da shi, ya miƙa wa Iya da hannu biyu.

"Iya, a ba mai ɗakin Likita ta adana. Duk Asabar ɗin farkon wata a kawo mini shi in canza baƙin mai in ɗaure sarƙa. Ban da wannan, Likita ya zuba fetur ya hau kawai."

Babanku ya buɗe baki zai yi magana, ya ga duk jama'a shi suke kallo, sai ya ce ya yarda. A cikin wata tsohuwar tukunya na sa su, na tura ƙarƙashin gado.

Daga Litinin ɗin da ta biyo baya babanku bai sake kwana a Ɗinya Bakwai ba. Yana fita bayan ya karya, ya isa kafin layi ya yi tsawo, kafin magariba mu ji shi ya doso. Iya ta daina shan iska a bakin zaure, ta koma neman ƙarin tuwo. Samarin gari ne suka sa wa babur ɗin suna Dattijo, don tsokana. Abokan aikinsa ma ba su ƙyale shi ba, har ya gaya mini da farko a bayan asibiti yake ajiye shi, gindin wata darbejiya, inda ba a gani. Kafin shekara ta zagayo ya koma ajiye shi a bakin ƙofa.

Yanzu ga maganar famfon mai. Wata rana cikin bazara, zafi kamar a gasa gurasa a ƙasa, magariba ta yi ba mu ji tuf-tuf ba. Aka idar da salla, shiru. Can sai ga sallama a zaure, murya a shaƙe. Na leƙa, ga babanku yana turo Dattijo, riga ta manne masa a jiki, leɓe ya bushe. Tun daga asibiti ya buga ya buga ya ƙi tashi, ya turo shi a rairayin nan har gida. Ya zube a kan tabarma ya dube ni, ba faɗa a idonsa, sai wani abin tausayi.

"Rakiya, naki ma ya mutu."

Na ce shi ke nan, bijimaina sun tafi a banza, ga Lawan zai samu abin faɗa. Aka kira Isuhu. Ya zo yana tauna goro, bai ko tsuguna ba. Ya sa yatsa biyu a ƙarƙashin tanki ya murɗa wani ɗan famfo, ya buga kik sau ɗaya. Tuf-tuf-tuf. Ashe wani bawan Allah da ya kawo matarsa asibiti ne ya ga babur a rana, ya rufe famfon don kada mai ya ɗiga, taimako ya yi. Babanku ya dubi famfon, ya dubi Isuhu.

"Da ma akwai wannan a jiki?"

"Da shi aka haife shi, Likita."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba don dariya. Talatu ta ce Isuhu bai iya cin tuwo ba ranar, in ya kai loma sai dariya ta dawo da ita.

Abu ɗaya ne ya rage mana daɗin shekarar. Lawan ya yi fushi. Abokinsa ya riga ya ware babur, Lawan ya ji kunya, ga nasa an kwance masa. Ya aiko aka ɗauki jan babur a mota, ko gaisuwa bai haɗo da ita ba. Babbar Sallah ta zo bai zo gida ba, abin da bai taɓa yi ba. Iya ta ajiye masa soyayyen nama a kwano har ya bushe. Duk lokacin da na ga kwanon nan sai in ji kamar ni na ɗora mata wannan kewar. Sai da damina ta sauka sosai, wata rana motar da ya biyo ta sauke shi a Ɗanbatta, direba ya ce ba zai shiga hanyarmu ba, ruwa ya cinye ta. Yana tsaye yana tunanin komawa sai ga yayansa ya taso daga aiki. Ba wanda ya tayar da tsohon zance. Ya ce masa hau, ya hau. Suka ratso laka da kududdufai har ƙofar gida. Lawan ya shigo da taɓo har gwiwa, ya gaida Iya, ta yi ta shafa kansa kamar ƙaramin yaro. Sannan ya juyo ya harare ni.

"Matar Yaya, an ce ke kika ɓata mini ciniki."

"Ni ce."

"To mummuna ne, ba zan fasa faɗa ba. Amma ya kawo ni. A ba ni ƙuli."

Na cika masa leda.

A ƙarshen daminar nan babanku ya ce in shirya zai kai ni in gaida Innata, can wajen Minjibir. Gero ya fi tsayin mutum, hanya ta zama kamar lungu tsakanin katanga biyu koraye. Mun yi nisa, ba gida gaba ba gida baya, sai ya tsaya a gindin wata kuka. Ya sauka, ya duba gabas ya duba yamma.

"Matsa gaba."

"In yi me?"

"Bijimanki ne. Ki ji yadda suke tafiya."

Na ce Malam ka rufa mini asiri, ni da 'ya'ya biyar. Ya ce gero ba ya kai gulma. Na tattare zani na matsa, ya zauna a bayana, ya ɗora hannunsa a kan nawa. Shi ya taka giya, ya ce in saki kuloci a hankali, kamar ina kwantar da jariri. Na saki. Abin nan ya motsa da mu. Wayyo, 'ya'yana! Iska ta cika mini mayafi, gero yana gudu ta gefe biyu, na ji wata murya tana ihu tana dariya, ashe tawa ce. Ya janye hannunsa ban ma sani ba. Daga kukar nan har wani gawo da ke can gaba ni kaɗai na riƙe kan Dattijo. Sai a gindin gawon na tuna ba a koya mini tsayawa ba. Ya ce birki, ni kuma na murɗa mai. Muka bar hanya muka faɗa wata gonar gyaɗa, muka kwanta a gefe ɗaya cikin taushin ƙasa. Ba wanda ya ji ciwo. Hularsa ta yi nan, takalmina ya yi can, muna kwance muna dariya mun kasa tashi.

Sai ga wani tsoho ya ratso gero da fartanya a kafaɗa, ya tsaya a kanmu.

"Subhanallahi! Likita, kai ne? Ashe har yanzu hannun bai faɗa ba?"

Babanku ya miƙe, ya ɗauko hularsa yana kakkaɓewa, ya saci kallona.

"Ai kuwa Baba, har yanzu ana koyo."

Tsohon ya girgiza kai, ya taya shi ɗaga babur, sannan ya juyo gare ni cike da tausayi.

"Sannu baiwar Allah. Kina haƙuri da shi."

Na ja mayafi na toshe bakina sosai.

"Ina yi, Baba," na ce.